Ana Kukan Satar Fasaha, Ana Aiki Da Kayan Sata

Yau ba zan yi maganar jarumi ko jaruma ba, ba kuma zan shiga rigimar wane ya saci labarin wane ba. Magana ce a kan abin da idonka ke fara sauka a kai kafin ka sayi littafi ko ka kalli fim, wato bango da fosta. Tun daga farko ina neman afuwa, domin na san zan taka sawun mutane da yawa, har da abokaina na kusa. To amma ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Kwanakin baya wata ƙanwata, marubuciya 'yar wajen Roni, ta kammala littafinta na farko bayan ta shekara biyu tana fama da shi. Ta shigo nan cikin Kazaure wajen wani mai shagon kwamfuta don ya tsara mata bango. Sau uku tana biyan kuɗin mota tana zuwa, yau a canza launi, gobe a gyara rubutu, har dai abu ya yi yadda take so. Ranar da za ta karɓa na raka ta. Muna shiga muka tarar da mai shago ya yi tagumi, kwamfuta ta ƙi tashi. Ashe wai daren jiya ya ɗora "sabon Photoshop" daga filashin wani abokinsa, abin ya zo da ƙwayar cuta, ta cinye duk abin da ke ciki. Bangon ƙanwata ya tafi, katin bikin mutane ya tafi, kalandar wata makarantar Islamiyya ta tafi.

Na ce masa, "Malam, nawa ka sayi wannan manhajar?" Sai ya dube ni kamar wanda ya ga baƙon ƙauye, ya ce, "Haba Yallaɓai, wa yake sayen wannan? Kuɗin kati kawai nake ba yaro ya saka min."

Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, don gaskiya ya faɗa. Mai karatu, ka zaga shagunan masu tsara fosta da bango daga Kazaure zuwa Babura, ka wuce har Kano, ka riƙa tambayar rasit ɗin Photoshop ko CorelDraw da ake aiki da su. In ka dawo ka ba ni labari.

To a nan ne fa maganata take. Tun da aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, har zuwa zamanin da kaset ya cika Ƙofar Wambai da Bata, babu kukan da 'yan fim suka fi yi kamar na satar fasaha. Furodusa ya sayar da filinsa ya yi fim, kafin ya mayar da uwar kuɗi an buga na jabu an watsa. Marubuta ma haka, musamman yanzu da ake kwafe littafi a tura shi a waya kyauta ba tare da an ko gaishe da mai shi ba. Kukan nan gaskiya ne, kuma ni ma na taya su. Amma wai shin fostar da aka rubuta wa gargaɗin cewa duk wanda ya kwafi wannan fim zai gamu da hukuma, da wace manhaja aka tsara ta? Da wadda aka fasa wa makulli aka kwafa ba da izinin masu ita ba. Ka ga kenan laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na wani.

Na san abin da za a ce: ai ba mu da halin saye. Wannan ma gaskiya ne. Tun daga 2013 kamfanin Adobe ya daina fitar da sabon Photoshop da za ka saya sau ɗaya ka huta, ya mayar da shi haya, kana biya duk wata ko duk shekara, ranar da ka daina biya a rufe maka ƙofa. Ga darajar naira yadda ta koma tun daga 2023. Kafin nan ma, a 2022 bankuna da dama a ƙasar nan sun taƙaita ko sun dakatar da sayayyar ƙasashen waje da katin naira, ta yadda ko mai kuɗin ma sai da ya sha wuya. Ban da wannan, ko ka biya ba naka ba ne. A watan Oktoba na 2019 kamfanin ya sanar da masu amfani da kayansa a ƙasar Benezuwela cewa zai rufe musu asusu saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar. Daga baya an sassauta, amma darasin ya fito fili: zanen aro ba ya rufe katara.

Da a ce zaɓi biyu ne kawai, ko haya da dala ko sata, da na yi shiru na bar kowa da Allahnsa. Amma akwai na uku, kuma rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Akwai wata manhajar gyaran hoto da ake kira GIMP. Wasu ɗalibai biyu ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara ta a 1995, suka sake ta ga jama'a a 1996. Sharaɗin da ke kanta shi ne kowa yana da damar ya ɗauka, ya yi aiki da ita, ya kwafa wa wani, har ya buɗe cikinta ya gyara in ya iya, muddin in zai raba gyaran to ya bar wa na gaba irin wannan damar. Wato in ka saka ta a filashi ka ɗora wa shaguna goma a Gwiwa, ba ka saci komai ba, abin da masu ita ke so kenan. Tana yanke hoto, tana cire bayansa ta saka wani, tana gyara haske da launi, tana ɗora rubutu, tana haɗa fuskokin jarumai biyar a fosta ɗaya kamar yadda muka saba. Kuma kada ɗan fim ya raina ta. Daga jikinta aka cire wani reshe mai suna Film Gimp, wanda daga baya ya koma CinePaint, kuma an yi amfani da shi a Holiwud wajen goge-goge da gyaran hotunan finafinai irin su Harry Potter na farko da The Last Samurai.

To in haka ne, me ya hana mutanenmu rungumarta? A nan zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa hujjata daɗi ba: GIMP tana da wuyar sha'ani ga baƙo. Shekara da shekaru in ka buɗe ta sai ta watso maka tagogi daban-daban, akwatin kayan aiki a nan, hoto a can, wani abu ya ɓuya a bayan wani. Sai a 2012, da fitowar samfurin 2.8, aka samar da damar haɗa komai a taga ɗaya, kuma sai a 2018 aka mayar da hakan yadda za ta riƙa buɗewa da kanta. A wannan samfurin na 2012 ne kuma aka raba hanyar adana aiki gida biyu. In ka yi sebin yadda ka saba, za ta ajiye maka aikin ne a tsarinta na kanta, wanda waya ba ta buɗewa. In kana son hoton da za ka tura wa mai littafi, sai ka bi ta wani maɓallin daban da aka rubuta wa "Export". Dalilinsu mai kyau ne, don kada ka rasa ainihin aikinka da za ka iya komawa ka gyara. Amma yaron da ba a faɗa wa haka ba, sau biyu zai gwada ya yi tsaki ya koma wa na sata. Jimla ɗaya tak da Hausa ta isa ta cece shi, amma wa ya rubuta ta?

Abin da nake so mai karatu ya gane shi ne, wannan manhaja ba ta da kamfanin da ke zaune yana biyan dubban ma'aikata. Yawancin masu yi mata aiki 'yan sa-kai ne, kuma ba duka ne masu rubuta lissafin kwamfuta ba. Wasu aikinsu kawai rubuta littafin jagora, wasu fassara, wasu kuma su gwada su ce wuri kaza yana rikita mutane, a gyara. Ƙorafin masu amfani ne ya kawo taga ɗaya. Haka aka yi ta tafiya a hankali har watan Maris na 2025 da samfurin 3.0 ya fito, wanda a cikinsa za ka iya yi wa hoto kwalliya, ka dawo daga baya ka rage ko ka cire ba tare da ka ɓata asalin hoton ba. Mu a nan muna da sunan irin wannan aiki tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta. Sunansa gayya. Yau a taru a gonar wane, gobe a ta wane, kowa da fartanyarsa, ba a biyan kowa, amma kowa ya amfana.

Abin takaicin shi ne an yi shekara talatin ana wannan gayya, mu muna bakin gona mun harɗe hannu. Littafin jagoran GIMP yana nan da Faransanci da Jamusanci da Rashanci da Japananci. Ka ce ai waɗannan manya ne. To yana nan da Nynorsk, ɗaya daga cikin hanyoyi biyu na rubuta harshen ƙasar Norway, kuma ita ce wadda 'yan tsiraru ke amfani da ita, a ƙasar da duk mutanenta ba su kai miliyan shida ba. Mutanen Kataloniya a Sifen tun 1998 suka kafa ƙungiyar sa-kai mai suna Softcatalà, babban aikinta shi ne mayar da manhajoji cikin harshensu, kuma GIMP na cikin waɗanda suka yi. Mu kuwa da muke bugun ƙirji muna cewa Hausa ta game Afirka ta Yamma, mu da jihar Jigawa kaɗai ta haura mutum miliyan huɗu a ƙidayar 2006, ina namu littafin? Kullum sai dai mu jira a yi mana. Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, muka yi murna. Facebook ya saka a 2016, muka yi guɗa. Sai yaushe za mu daina zama 'yan amshi?

Kada ka ɗauka wannan maganar ƙawa ce kawai. Ka dubi fostocinmu da bangon littattafanmu, ka ƙirga sau nawa aka yanke wa haruffa ƙugiya. A rubuta "baki" alhali "baƙi" ake nufi, a rubuta "bari" a wurin "ɓari". Kai, a gafarce ni, in sunan littafi yana da kalmar "ƙashi" aka cire wa ƙ ɗin ƙugiya, ai ka san abin da aka manna a bango. Mai shago zai ce maka kwamfuta ce ba ta da harafin. Ba haka ba ne. Harafin yana nan, sai dai ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da shi ba, kuma babu wanda ya zauna ya tace ya rubuta wa masu shago cewa ga jerin waɗanda ke da ɓ da ɗ da ƙ, ga yadda ake fito da su. Wannan aikin shafi biyu ne. Kuma mun ga misalin abin da mutum ɗaya zai iya: tun a shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da haruffan kwamfuta masu ƙugiya, waɗanda masu buga Hausa suka daɗe suna cin moriyarsu. Bai jira Bature ya tausaya masa ba.

Me ya sa nake ɗora wa Kazaure wannan nauyi? Saboda in ana maganar kwamfuta a Jigawa, mu ne ba mu da bakin cewa ba mu sani ba. A zamanin mulkin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, aka kafa makarantar koyon ilimin kwamfuta a garin nan, wadda kowa ya fi sani da Informatics, a lokacin da mutane da yawa a Arewa ba su taɓa dafa linzamin kwamfuta ba. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu. Duk shekara ɗalibai na neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai. Ina kira ga malamansu, don Allah a gwada ba wa rukuni ɗaya wannan aiki: babi ɗaya na jagoran GIMP da Hausa, da hotuna, wanda za a kai wa mai shago ya gwada a gabansu. In ya bi ya yi bango, sun ci. In ya rikice, su koma su gyara. Wallahi ya fi kundin da za a ɗaure da baƙin bango a jefa a kabad, gara ta cinye.

Kuma ba ɗalibai kaɗai ba. Ku marubuta, wannan gonarku ce. Matsalar fassarar irin wannan littafi ba ta kwamfuta ba ce, ta kalma ce. Alal misali, a manhajar hoto ana jera aiki ne hawa-hawa, hoton jaruma a sama, gida a ƙasa, rubutu a can bisa, kowane ana iya ɗaga shi ba tare da an taɓa sauran ba. Me za mu kira kowane hawa? Ni na ce "falle", wani zai ce "shimfiɗa". To a zauna a yi musu, a tsayar da ɗaya. Mutanen da suka iya siffanta kallon da saurayi ya yi wa budurwa har shafi uku, ba za su gaza samo wa wannan suna ba. A baya ai an yi irin haka. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano haɗa kai suka yi suka buga littattafansu da kansu lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i suka juya musu baya, kuma daga irin wannan yunƙuri ne littafi kamar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zagaye ƙasar Hausa.

Kai ma mai karatu da ba ka san komai a kwamfuta ba, kana da fartanyarka. A gaskiya ma kai ne aka fi buƙata. A zaunar da kai gaban manhajar, a ce ka yanko hoton nan ka ɗora a wancan, wani na gefe yana rubuta duk inda ka tsaya kana sosa ƙeya. Wannan takardar ita ce za ta nuna inda jagora ke buƙatar ƙarin bayani, kuma ita ce za a fassara a aika wa masu kula da manhajar. Ba su san yadda ake aiki a shagon da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki ba, ba su san tsohuwar kwamfutar da muke lallaɓawa ba, ba su san ƙugiyarmu ba. In ba mu faɗa ba, wa zai faɗa?

Yanzu bari in amsa wa masu suka tun kafin su aiko da wasiƙa.

Na farko zai ce araha ba ta ado, Photoshop ya fi. A wasu abubuwa ya fi, ban musa ba. Babban misali shi ne launin ɗab'i. Allon kwamfuta yana haɗa launi ne da haske uku, ja da kore da shuɗi, injin buga littafi kuwa da tawada huɗu yake aiki. GIMP ta daɗe tana da rauni a nan, kuma ko a samfurin 3.0 abin da ta iya shi ne fitar da aikin a tsarin tawada huɗu bayan an gama, ba yin aikin a cikinsa kai tsaye ba. To amma akwai 'yar'uwarta Scribus, ita ma kyauta, wadda aikinta kenan shirya shafi don ɗab'i, akwai kuma Inkscape mai yin irin aikin CorelDraw. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya, kashi nawa na aikinmu ne ke zuwa injin ɗab'i a yanzu? Fostar fim mai dogon zango a YouTube take ƙarewa, bangon littafi a waya ake ganinsa. A nan kuwa babu abin da GIMP ta gaza.

Na biyu zai ce ai zamanin kwamfuta ya wuce, yanzu da waya ake komai, ga Canva ga sauransu. To madalla, a yi da su. Amma ka lura, yawancinsu sai da data, kayansu masu kyau sai ka biya, kuma gobe in mai abu ya canza sharaɗi ba ka da ta cewa. Shi ya sa ma za ka ga bangon littattafai goma sun zama kamar 'yan gida ɗaya, fure iri ɗaya, rubutu iri ɗaya. Wanda yake son sana'ar ta zama tasa, dole ya mallaki kayan aikinsa.

Na uku, wanda na fi jin tsoro, zai ce wa zai biya ni? Babu. Ba zan yaudare ka ba. Amma waɗanda ke rubuta Wikipedia ta Hausa ma ba albashi ke zaunar da su ba, kuma ga shi ana karantawa. Sannan wanda ya rubuta babi a kan cire bayan hoto, kafin ya gama ya zama gwani a kai, kuma gwani ba ya rasa ciniki. Ladan gayya ai ba a ranar ake ganinsa ba, sai kaka.

Ƙanwata dai ta sake biyan kuɗin mota, an sake yi mata bango, littafi ya fito. Mai shagon kuma an wanke masa kwamfuta, kuma ka san me ya fara ɗorawa? Wancan dai na filashin. Da na yi masa maganar GIMP sai ya ce, "Yallaɓai, na taɓa buɗe ta, ban gane kanta ba. In akwai takardar da za ta nuna min da Hausa, kawo min gobe." Ban da abin da zan ba shi. Wannan kunyar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Saboda haka ni na ɗauki babi na farko: yadda ake ɗora ta, yadda ake adana aiki, da yadda ake fito da ƙugiya. In na gama zan kai wa mai shagon nan ya gwada, in ya rikice in sake. Saura babin yanke hoto, da na launi, da na rubutu a kan fosta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Furodusan da zai sake hawa mumbari ya la'anci masu satar fasaha kuwa, don Allah ya fara leƙa kwamfutar mai yi masa fosta tukuna.

Allah ya sa mu gane, ya kuma ba mu ikon gyarawa. Sai wani watan, in da rai da lafiya.